Muryar da Na Baro a Turai

Na sauka a Turai da jita a baya da murya a wuya, kuma cikin biyun jitar nake lallaɓawa. Ita na naɗe da tsohon zanin Inna don kada ta karce a jirgi. Murya kuwa ban taɓa ɗaukar ta abin da ake tattali ba. Tun ina yaro nake ɓarnar ta a gonar gero, ba ta taɓa ce min ta gaji ba.

Sunana Sa'idu, amma a ƙauyenmu da ke bayan Bagwai Auta ake ce min. Gonakinmu a manne suke, iyakar wannan ita ce farkon ta wancan, ba daji ko na ɗaure akuya. Idan gero ya fara ƙosawa, tsuntsayen jan-baki suka sauko, sai a kafa wa yara 'yar rumfa a tsakiyar kowace gona, a ja igiya mai gwangwanaye, a ce ku yi ta ihu. Ka kore su daga taku su sauka a ta maƙwabci, ɗan maƙwabci ya koro maka su. Saboda haka a garinmu gidan da ya fi ƙarfin maƙogwaro shi ke cika rumbu, kuma namu cika yake yi har a yi wa wasu kyauta.

Inna idonta ya tafi tun kafin in yi wayo. Ba ta san fuskata ta girma ba, muryata ta sani. Tana zaune a tsakar gida tana sussukar hatsi za ta ware ihuna daga na yaran gari kaf, ta ce, "Auta na bakin aiki." In ta ji shiru sai ta tura yayana Habu ya dubo ko barci ya sace ni.

Da na girma na tafi dako kasuwar Dawanau. A can wani direban babbar mota ɗan Jos ya jiyar da ni kiɗan da ake kira rok, ya kuma koya min taɓa jita a ƙarƙashin motarsa. Da na ji yadda mawaƙan ke kwarmata ihu, na ce ai wannan korar tsuntsu ce aka jona wa lantarki. Abin da na je na yi ke nan a gasar waƙa ta talabijin a Legas: na tsaya gaban alƙalai na kori tsuntsu da jita a hannu, na zo na uku. Habu ya kunna wa Inna a waya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Yanzu wannan suke wa tafi? Da sun zo nan da kaka ai a banza za su ji." Da maganar Turai ta taso, sharaɗi ɗaya ta kafa min: duk Juma'a in kira. Ta ce ba ta son saƙo, ba ta da abin yi da hoto, muryata take so.

Zangon farko wani gari ne na bakin teku, mai jiragen ruwa da iska mai shiga ƙashi. Wanda ya ɗauko ni, Viktor, dogon mutum mai fara'a, shi ne manajan wata ƙungiyar makaɗa da ta gan ni a gasar. A filin jirgi ya gan ni ina karkarwa cikin 'yar shadda, ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa min, shi ya tafi a haka har mota. Ya kai ni gidansa, matarsa ta dafa kifi, ya tambaya ko akwai abin da addinina ya hana. Na ce a raina, wannan ɗan halak ne. Har yau ban iya cewa ƙarya zuciyata ta yi ba, kuma abin da ke ba ni haushi ke nan.

Washegari ya kawo min rawani shuɗi mai tsawo. Ya ce mutanensu ba za su sayi tikiti don kallon ɗan dako daga kasuwar hatsi ba, ɗan hamada suke so. A takardun talla ya sa an rubuta cewa a kan raƙumi aka haife ni, kuma ihuna kiran ayari ne cikin guguwa.

Na ce, "Mista Viktor, a garinmu ba inda za ka tsaya ba ka hango rufin wani ba. Raƙumi kuwa ko jelarsa ban taɓa riƙewa ba."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Labari ne kawai, Sa'idu. Kai dai kawo muryar."

In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Na naɗa rawanin, ina sauke amawali, wato ɓangaren da ke rufe baki, in zan yi waƙa.

Garin nan ya koya min kaɗaici. Na gaida wata maƙwabciya a matattakala yadda aka koya min, na tambayi kwana da gajiya da mutan gida, sai ta ƙanƙame jakarta ta ƙara sauri. Burodinsu sai ka yi kokawa da shi. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka har nakan ji ƙamshin daddawa a inda babu ita. A cikin makaɗan mutum ɗaya ce ke zama kusa da ni, Marta mai buga ganguna, dattijuwa mai furfura da zane a damtse. A garinmu da jikoki take goyo. Ba ta da yawan magana, amma tana kallon mutum.

Ranar Juma'a ita ce ranata. Habu zai riƙe wa Inna waya, ta ce, "Auta, ka ci abinci? Suna ba ka mai zafi?" In mun gama gaisawa sai ta rage murya kamar mai neman alfarma, ta ce, "Yi min ta gona." Duk inda nake sai na yi. Na taɓa yi a bayan wani gidan mai, tantabarun garin suka tashi gaba ɗaya, wani tsoho ya yar da ledarsa. Inna ta yi ta dariya har da tari, ta ce, "Shi ne. Allah Ya yi maka albarka."

Zango na biyu hanya ce. Lokacin zafinsu ya shigo, lokacin bukukuwan kiɗa a fili, muka shiga 'yar motarmu muka yi ta bin garuruwa. Yau nan, gobe can, sunayen garuruwan ma harshena ya ƙi ɗauka. Jama'a na so na, ba zan ɓoye ba. In na saki ihun nan sai ka ga fili ya ɗauka, samari na tsalle suna kaɗa gashi. Amma korar tsuntsu da kaka ake yi, in an girbe gero sai maƙogwaro ya huta har baɗi. A nan ba girbi. Ba a daɗe ba na fara jin kamar ƙaiƙayi ya maƙale min a wuya, da safe sai na yi ta gyaran murya kafin sallama ta fito.

Viktor ya lura. Kullum wajen karin kumallo zai ce, "Yaya wuyan?"

In ce, "Da sauƙi, mun gode Allah."

Ya ce, "Madalla!" Ya ɗaga waya ya ƙara karɓo mana wani wasan.

To me zan ce? A garinmu mutum na gargarar mutuwa za a ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ba wanda ke ɗaukar maganar. Mai tambayar fuskarka yake kallo, ya ga yadda ka ce ɗin, ya fita ya aiko da kunu, ya je ya yi maka noman da ka bari. Majinyaci nasa godiya, gane ciwo aikin mai dubiya ne. Ni ina jiran Viktor ya dube ni ya ce a'a, yau ka kwanta. Shi kuma ashe a wurinsu abin da bakinka ya faɗa shi ne shi ke nan, ba a leƙa bayansa.

Marta ce ta gane. Wata rana mun tsaya cin abinci a bakin hanya, ta ajiye min kwalbar zuma a gabana, ta ce, "Ƙarya kake masa."

Na ce, "Ba ƙarya ba ce, gaisuwa ce."

Ta ce, "Ka ce masa a'a. Kalma ɗaya ce. Ka ce ba za ka yi wasan gobe ba."

Na ce, "Mutumin da ya tuɓe rigarsa ya ba ni? Na ci abincin gidansa. Da wane baki?"

Ta ce, "Rigar nan ya saye ka da ita da araha." Na ji zafin maganar, na yi kwana biyu ba na kula ta. Zumar dai na sha. Ita da kanta ta je ta sami Viktor, ya zo ya tambaye ni a gabanta ko gaskiya ne ba ni da lafiya. Ya tsaya yana murmushi, ga mutane sun riga sun sayi tikiti. Na ce da sauƙi. Marta ta juya ta fita.

Zango na uku wani ƙauye ne a gindin duwatsu, an kafa dandamali a gefen gonakin alkama. Da hantsi na zagaya gonar don in ji ƙamshin ƙasa. Ga tsuntsaye, amma ba rumfa, ba yaro ko ɗaya. Wata na'ura ce a tsakiyar gona, jim kaɗan ta yi ƙara kamar bindiga, tsuntsaye su watse. Na tsaya ina kallonta, na ce wato a nan aikina ma ƙarfe ke yi. Da la'asar muka hau. Na kai tsakiyar waƙa ta uku, na cika ƙirji na saki ihun, sai na ji wani abu ya tsinke a wuyana kamar zaren da aka ja fiye da ƙarfinsa. Na ji ɗanɗanon jini. Bakina a buɗe, iska kawai ke fita. Marta ta rufa min asiri da ganguna har muka sauka.

Na ɗauka a nan Viktor zai ce a koma. Sai ya zo da dabara. Ai an riga an naɗi duk waƙoƙina a ɗakin naɗar murya. Ya ce in ja amawali in rufe baki, su saki muryar daga na'ura, ni in riƙa jijjiga ina buga jita. Haka muka ƙarasa sauran garuruwan. Ina tsaye ina jin kaina ina ihu daga cikin lasifika, jama'a na tafi, ni kuwa ko "wash" ba na iya cewa. Juma'a ta zo na rubuta wa Habu cewa ya ce wa Inna muna inda ba sabis. Wata Juma'ar na ce mura. Habu ya rubuto, "Ta ƙi cin abinci jiya. Ko tari ne ka kira ka yi mata."

Zango na huɗu asibiti ne, a garin bakin tekun. Marta ta kai ni, Viktor ya biyo mu daga baya. Likitar ta zura min wata siririyar waya ta hanci, ta nuna min cikin wuyana a allo. Ashe duk abin da ya cika rumbunmu, ya kai ni Legas, ya hau da ni jirgi, wasu 'yan tsokoki ne guda biyu da ba su kai ƙwayar wake ba. Ta ce sun yi jini sun warke, sun sake yi sun sake warkewa, har tabo ya kama su. Ta ce da na huta tun ciwon farko da yanzu ba wannan maganar ake ba. Za a iya aiki, amma muryar da na sani ba za ta dawo ba.

Ta juya ga Viktor ta ce, "Ba ku ga yana ciwo ba?"

Ya buɗe hannuwa. "Kullum sai na tambaye shi. Kullum cewa yake ya samu sauƙi. Ku tambaye shi."

Gaskiya ya faɗa. Da ƙarya ya yi min da na samu wanda zan tsine wa in huce.

Aka yi aikin. Na yi makonni ban ce uffan ba. Da aka ba ni izinin magana, abin da ya fito wata 'yar shaƙaƙƙiyar murya ce, kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Ita nake da ita har yau.

Ina fitowa na ga sabuwar takardar talla a bango: ga rawanina shuɗi, ga jita, ga idanun wani. Viktor ya samo wani baƙin mutum dogo kamata, ya ja masa amawali, suna sakar masa muryata. Na same shi a ofis. Ya ba ni kujera, ya kawo shayi, ya nuna min inda na sa hannu tun farkon zuwana cewa duk abin da aka naɗa na ƙungiya ne. Ya ce yana baƙin ciki ƙwarai, kuma na ga alamar har zuciyarsa. Ya ce in riƙe rigar sanyin. Marta ta ajiye sandunan gangarta ta bar ƙungiyar a ranar, amma hakan bai hana su tafiya ba, wata suka ɗauka.

Zango na biyar madafar wani gidan abinci ce, inda ƙanen Marta ya samo min wankin kwanoni. Aiki ne da ba ya buƙatar baki. Takardar zamana a ƙasar da ƙungiyar aka ɗaure ta, saboda haka kwanakinta ƙarewa suke, ni ma haka nake jin kaina. Ban taɓa sanin mutum zai iya rasa abin sa rai ba sai a wurin nan. Ina salla, ina cin abinci, ina wanke tukwane, amma ba abin da nake jira. Wani lokaci mai dafa abincin kan kunna rediyo a sako waƙata, ya riƙa kaɗa kai yana yanka albasa. Ban taɓa gaya masa ba. Ko na faɗa wa zai yarda?

Wata Juma'a na gaji da ɓuya, na fita bayan madafar wajen kwandunan shara na kira. Habu ya sa wa Inna a kunne.

Na ce, "Salamu alaikum, Inna. Ni ne."

Ta ce, "Kai wa?"

"Auta ne, Inna. Ciwon wuya na yi."

Na ji ta ce wa Habu, "Karɓi abinka. Irin 'yan damfarar nan ne da suka kira gidan Malam Ilu suka ce ɗansa ne a Libiya." Habu ya yi ta rantsuwa. Sai ta dawo kan wayar ta ce, "In kai ne, yi min ta gona."

Na cika ƙirji. Allah Ya gani na cika. Abin da ya fito ko kyanwar da ke kan kwandon shara bai sa ta ɗaga kai ba.

Inna ta ce, "Bawan Allah, ka ji tsoron Allah. Makauniya ce ni." Ta miƙa wa Habu wayar.

Daga ranar na san zamana ya ƙare. Marta ta raka ni ofishin da ke mayar da baƙi gida, ta cike min takardu, ta kai ni filin jirgi. Ta ce min, "Ka yafe min, da na yi ihu a madadinka tun da wuri." Na ba ta jitar, na riƙe zanin Inna. Ta tambaye ni yaya nake ji, na buɗe baki, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Kar ka faɗa. Na gani."

Da kaka na iso gida, da hantsi, gero ya sunkuyar da kai. Tun daga bakin hanya nake jin yara a kan rumfuna suna ihu, gwangwanaye na kaɗawa. Habu ya tare ni a zaure ya rungume ni. Ya ce, "Ka yi haƙuri da abin da za ka gani. Tun da kiranka ya yanke tsufa ya fara taɓa ta. Wani abin ta riƙe, wani ya zube."

Na yi sallama. Tana zaune a inda na bar ta, ta rame. Ta amsa, ta ce, "Waye?"

Habu ya ce, "Inna, Auta ne ya dawo."

Na durƙusa. Ta lalubo fuskata, ta bi goshina har ta sami tabon ciwon da na ji ranar da na faɗo daga rumfa. Ta daɗe da yatsa a kansa. Ta ce, "Tabon dai irin nasa ne." Sannan ta ce a kawo wa baƙo ruwa.

Yanzu ina taya Habu noma. Mutanen gari ba su yi min dariya ba, sun fi ni sanin kowa ya bar gida gida ya bar shi. Masu zuwa dubiya na cewa ya jiki, in ce da sauƙi, su dube ni, anjima a aiko da kunu. Inna ta saba da ni, ta ce ina da ladabi. Ni ke kai mata ruwan alwala. Duk na yi sallama sai ta ce waye, in ce ni ne, ta ce to.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ta kira ni. "Bawan Allah, kana kusa? Ɗauko wayar Habu ka kunna min Auta."

Na kunna mata waƙata ta gasar Legas. Fuskarta ta washe, ta gyara zama. "Ka ji shi ko? Tun yana ƙarami haka yake. Yana Turai yanzu, aiki ya yi masa yawa." Ta ɗan saurara, sai ta juyo. "Kai kuma ya wuyan naka?"

Na ce, "Da sauƙi, Inna."

Ba ta ɗauki maganar ba. Ta miƙo hannu ta shafa fuskata, ta ji ta a jiƙe. Ta goge min da gefen zaninta, ta ce, "Allah Ya ƙara sauƙi. Kai ma kana da uwa?"

Na ce ina da ita. Ba ta ji ni ba, don a daidai nan Auta ya kai wurin ihun.